Jan Biro

Shekara ashirin da bakwai ina yanka kati
a ƙofar Dakta Tasi'u, a Mandawari:
ɗaki biyu, benci ɗaya,
da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta.

Ya san gidan Alhaji Ɗanlami tun daga tushe,
hawan jinin uban,
fukar ɗan,
jikar da ta cusa wake a hanci.
Kafin ka zauna ya tambayi tsohuwa,
ko har yanzu tana satar gishiri.
"Ciwo," in ji shi, "ba ya zuwa shi kaɗai,
da gidansu yake tafe."

Bayan isha'i sai ya rataye abin sauraren ƙirji a ƙusa,
ya zaro jan biro,
ya buɗe rubutun da likitoci suka aiko wa mujalla
daga Zariya, daga Jos, daga Maiduguri.
Yana auna jimla kamar zazzaɓi.
Inda aka ce "babu shakka" sai ya ja layi:
mutum nawa ka duba?
Wani farfesa ya shekara uku ba ya amsa sallamarsa.
Wani kamfanin magani ya aiko da rago da ambulan.
Ni na mayar da ragon Bompai,
yana kuka, ina ƙunƙuni.

Sau ɗaya ya kuskure.
Ɗigo guda, a ma'aunin maganin yara,
ya zame daga wurinsa.
Kwana biyu yana buga waya, muryarsa ta dishe.
Mai ɗab'i a Sabon Gari ya ce a tura gyaran can baya,
cikin ƙananan haruffa.
Shafin farko ya sa shi.
Laifina ne. Sai sunansa.

Yanzu hannun yana rawa.
Ya ajiye allura,
ya bar mujalla ga Dakta Rumasa'u
wadda shi ya yi wa rigakafin ƙyanda.

Jiya na kai masa gurasa a Gwale.
Na same shi da takardar sallama daga asibiti,
wadda wani yaron likita ya rubuta masa.
Ya kusanto da ita ido,
yana laluben aljihu.
Na san abin da yake nema.
Na ce, "Dakta, sha maganin kawai."
Ya ce, "Zan sha, Ilu.
Amma dubi nan,
ya manta waƙafi."