Ashirin da Takwas

A kasuwar Aliero, bayan 'yan buhu,
Inna Ige kan shimfiɗa tsohon zane
ta jera albasa: bakwai kusa da gwiwarta,
shida a gaban bakwai, biyar a gaban shida,
sahu na tsukewa, na tsukewa,
har ya ƙare a kan guda ɗaya tal
mai fuskantar ƙafar mai saye.
Ba ta san baƙi ba, balle boko.
Kashi take kasawa, rana na dukan ƙeyarta.

Sai da na je karatu Birnin Kebbi
Malam Nomau, mai alli har a gemu,
ya ce lambobi ma da halinsu, kamar mutane.
In kana son sanin lamba, tara masu raba ta,
ka ga ko sun kai ta, ko sun gaza.

Ga talatin, ya ce, 'yar gidan wadata:
masu raba ta sun haura arba'in,
tukunya ce da ke tumbatsa a wuta.
Ashirin da bakwai kuwa, ɗaya, uku, tara,
sha uku ke nan, ko rabin kanta ba ta kai ba.
Ashirin da tara gwauruwa ce,
ba mai shiga gidanta sai ɗaya.

Sai ya goge allo da hannun riga.
Ɗaya. Biyu. Huɗu. Bakwai. Sha huɗu.
Ku tara. Muka tara. Ajin ya yi tsit.
Ashirin da takwas ta dawo kanta,
ba ragi, ba ƙari, ba bashin kowa.
Cikakkiya, in ji shi. Kafin ita shida ce kawai.
Bayanta sai ka yi tafiyar fatake,
ka wuce ɗari huɗu da casa'in da biyar
kafin ka sake cin karo da irinta.

Ni dai zanen Inna nake gani.
Na ƙirga sahunta a yatsu ƙarƙashin tebur,
bakwai da shida, da biyar, har ƙasa,
sai ga ta. Ita ce. Tun ina goye
ita nake kallo ta kafaɗar tsohuwa.

Ran hutu na taho da labari a baki,
ko takalmi ban cire ba.
Ta saurara tana ɓare busasshen ɓawo,
ta ce, "Kai ɗan nan, malaminka ya yi ƙwauro.
Ashirin da bakwai ni ka saisuwa.
Wagga ta baki, gyara ta."

Da dare na kunna aci-balbal na sake tarawa.
Biyu, huɗu, bakwai, sha huɗu:
ashirin da bakwai. Nan ta tsaya.
Ɗayan nan da kowace lamba ke da shi,
wanda ba a yi ciniki a kansa ba,
shi ne ya rage ta cika.

Yau ni ke riƙe da alli a Jega.
Shekara tara ke nan da aka naɗe zanen.
In na zo wannan darasi nakan fara daga sha huɗu,
in gangaro, in bar ɗaya sai ƙarshe,
in ɗan jima kafin in rubuta shi.
Wata yarinya a sahun gaba ta taɓa tambaya ta
me ya sami idona.
Na ce mata ƙurar alli ce.
Ban ce albasa ba.