Faɗin Kogi a Maiurno

Ustaz Babikir ya ce kada wanda ya jiƙa ƙafa.
"Ku auno mini faɗin Nilu daga nan gaɓa,
ba jirgi, ba iyo."
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Bayan la'asar na kwance igiyar akuyarmu,
na saci turaku biyu daga dangar albasa,
Zulaihatu na biye da ni da littafi a ka.

Can tsallake akwai wani dabino tilo
da ya karkata kamar mai sauraron gulma.
Na kafa turke daidai saitinsa.
Na bi gaɓa mita sittin, na kafa na biyu,
na ƙara shida,
sannan na ba ruwa baya, na miƙe cikin gona,
ina tafe ina waige,
har turke na biyu ya rufe mini dabinon.
Zulaihatu ta ja igiya: ashirin da biyar.

Ga alwatika ƙarama kwance a kan kunyoyi,
ga babbar da ƙafa ba ta taka ba
shimfiɗe bisa ruwa,
kusurwa ɗaya, hali ɗaya,
barewa da ɗanta.
Shida cikin sittin sau goma ne.
To, ɗari biyu da hamsin.

Kawu Jibrin na zaune cikin kwalekwalensa
yana ɗinke koma da haƙori da yatsa.
Na faɗa masa.
Ya tofar da zare.
"Yau ke nan. Ka dawo da kaka
ka ga ko lissafinka zai tsaya inda ka bar shi."
Amma ya karɓi littafin da jiƙaƙƙen hannu,
ya daɗe yana duban zanen a juye.

Da dare kakata ta tambayi abin da na koyo.
Na ce ƙaramin abu na iya ba da labarin babba,
in dai kusurwoyinsu sun zo ɗaya.

Ta yi shiru, tana kaɗa shayi.
Ba ta taɓa ganin garin da iyayenta suka baro ba,
can yamma, tafiyar shekaru a ƙafa.
Ta dubi rumbu, ta dubi zaure, ta dubi bakina
da Hausa ke fita cikinsa haɗe da Larabci.

"To auna mini," ta ce.
"Sau nawa?"

Igiyar tana tsakar gida.
Akuya ta riga ta tauna mita guda.