Mai Alawar Ƙofar Lakkwal

Shekara tara ina zama ƙofar lakkwal ta Mokoyo,
tire bisa gwiwa, dogon yaro na yi mini laima.
Iloka, gullisuwa, cingam, alawa mai tsinke,
in an kaɗa ƙararrawa sai ka ce an watsa wa kaji tsaba.
Na san tafin kowane yaro kafin in san sunansa.
Ban taɓa leƙa bakin kowa ba.

Abin da ya yi kwantai a tire na Tsahara ne.
Ɗiyata, shekararta shida,
takan yi barci da iloka a kumatu.
In uwarta ta yi magana in ce: ƙyale ta,
a gidan mai alawa aka haife ta.

Daren wata Laraba kuka ya tashe mu.
Ta dafe kunci tana murza diddige a tabarma.
Uwarta ta daka kanumfari ta cusa mata,
ta dama gishiri a ruwan ɗumi,
ni kuma na tofa ɗan abin da na sani.
Har ladanin Bagalam ya yi kiran farko
ba wanda ya runtsa,
ko akuyar maƙwabta.

Da safe kabu-kabu ya kai mu asibiti.
Likitar mace ce, ba ta da yawan magana.
Ta zura wani madubi kamar cokalin shayi,
ta ce: Baba, matso ka gani.
Turame biyu sun yi kogo,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
dasashi ya kumbura, taɓawa kaɗan sai jini.
Na ce: ai haƙoran nono ne, zubewa za su yi.
Ta ce: za su zube,
amma su ke tsare wa na baya wuri,
kamar yaron da ke riƙe wa babansa sahu ran Juma'a.
In ya tashi da wuri, wani ya zauna.

Sai ta tambaya tana rubutu, ko ɗago kai ba ta yi ba:
Mece ce sana'arka?
Na daɗe ina kallon silifas ɗina.

Jika huɗu.
A hanya na yi lissafi:
alawa ɗari da sittin ke nan, dala biyar-biyar.

Ban bar tire ba, kada in yi ƙarya,
da shi ake auno hatsi gidana.
Na dai raba shi biyu, gefe guda gyaɗa da aya,
na aje buta kusa da ƙafata.
Wanda ya tsotse, sai ya kurkure kafin ya koma aji.
Yara suna dariya, sun sa mini Baba Kurkure.
Laminu ɗan gidan tela ya koma saye wajen wani.
Allah ya raka taki gona.

Yanzu bayan isha'i, bakin rariya,
mu biyu muke tsugunawa,
ita da ɗan buroshinta shuɗi, man kamar ƙwayar wake,
ni da asuwakina.
Sama, ƙasa, can ciki inda tuwo ke ɓuya.
Ƙanenta Harisu ko haƙori ɗaya bai fasa ba,
uwarsa na goge masa dasashi da farin ƙyalle,
yana cizon yatsarta yana ɓata rai.

Jiya na gaba ya faɗo mata cikin kunu,
fari tas, ba tabo ko ɗaya.
Ta kawo mini shi a tafi,
ɗaya hannun rufe da baki
kada ƙadangaren kan katanga ya ga giɓin,
wai in ya gani ba zai sake fitowa ba.

Na ce: bar ƙadangare, Tsahara, bai yi miki komai ba.
Ɗauko buroshinki.