Tuƙi Biyu

Arzika, na ƙirga: wata bakwai ke nan
rabonka da cin tuwon gidan nan da sauran haske.
Kana fita ladan bai gyara murya ba,
ka dawo karnukan Mabera sun gaji da haushi.
Unguwa tana cewa: ga namiji,
dubi yadda ya shanye, ko gezau.

Ni kuwa sunaye aka raɗa mini.
Inna ta ce iska ce, ta aiko da turare da rubutu a jarka.
Maƙwabciya ta ce son jiki.
Keken ɗinkina ya yi tsatsa a tafin ƙafa,
atamfar mutane na nan a ninke
da allin da na zana mata wuya tun kafin azumi.
Waya ta yi ƙara, in kife ta.
An yi suna uku a layinmu, sau uku na ce zazzaɓi.
Ƙarfe biyu, in an taso 'yan makaranta,
sai in rufe taga, duk zafin Sakkwato,
gara gumi da ƙarar takalmansu.

Abu ɗaya nake tuƙawa, kamar tuwon da ya ƙi nuna:
da na kai shi asibiti tun Talata,
da ban ce jiƙo ya isa ba,
da, da.
An ce an shuka da, ba ta tsiro ba.
Ni dai kullum sai na ba ta ruwa.

Ni ina tuƙa tunani, kai kana tuƙa keke.

Ige ta shiga napep ɗinka ranar Laraba.
Ta ce ka yi ta zagaye da ita, lungu bayan lungu,
ka ƙona man da ya fi kuɗin hayar,
don kawai kada ka bi ta bakin maƙabarta.
An ce ka shaƙe ɗan kamasho a kan naira hamsin,
kai da ko kaza ba ka iya kora da tsawa.
Shayi mai kauri, goro, shayi kuma.
Sunan Sadi bai sake hawa harshenka ba,
sai "yaron nan", shi ma sau ɗaya, kana ɗaure takalmi.

Ranar da aka kai ni Kware na ƙirga benci:
mata goma sha ɗaya, maza biyu,
ɗayan ma ya ce rakiya ya yo.
Likita ta ce, mai gidan fa, yana barci?
Na ce ai shi lafiyarsa lau.
Ta ɗago daga takarda, ta dube ni,
ba ta rubuta wannan ba.

Jiya ƙarfe ɗaya na ji inji ya mutu a ƙofar gida.
Na jira sakata. Shiru.
Na leƙa ta hujin ƙyaure:
goshinka a kan kambu, kafaɗunka suna rawa,
ba sauti, kamar mai tsoron tada garin.
Ashe rijiya ɗaya muka faɗa.
Ni na zauna a ƙasanta aka gan ni,
kai kana ta kewaya cikinta da gudu, aka ce tafiya kake.

Wata bakwai ban taka zaure ba.
Na taka. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba.
Na shiga kujerar baya kamar kowace fasinja.
Ka share fuska da hula, ba ka juyo ba,
ka ce, ina zuwa?

Na ce, hanyar nan da ba ka bi.
Ba yau ba, in ba ka iya ba.
Amma ni na riga na shigo,
kuma ba ni da kuɗin sauka.