Akwatunan Bok-rye

A Tongyeong, kafin rana ta leƙo teku,
Bok-rye ta rungumo akwatuna shida lokaci guda.
Shekarunta saba'in da uku.
Ba ƙarfi ba ne, in ji ta,
farin soso ne, iska aka ɗaure da roba,
nauyinsa bai kai alkawarin mashayi ba.

Amma zuba masa ƙanƙara da sassafe,
jera kifi, danne murfi
ya yi ƙiiƙ kamar an taka ɓera,
sai ya riƙe maka sanyi har faɗuwar rana.
Ba ya tsegunta wa zafi abin da ke cikinsa.
Ruwa ya kwana a jikinsa, bai sha ba.

Wanda ya tsage, ta cika shi da ƙasa a kan rufi,
barkono ya tsiro, albasa ta bi baya.
Murfin ta zauna a kai ranar hunturu,
siminti bai ƙara cizon ƙugunta ba.
Jikanta Du-sik ya taɓa ɗiga masa fetur,
ya narke nan take kamar an ba shi kunya.

Akwai wanda ba ta zuba wa kifi.
Yana bayan ƙofa, ya yi rawaya, da shaidar farce a gefe.
Daren da jirgin Man-gil ya kife,
shi ya rungume har wayewar gari,
abin da yaro ke wurgi da shi
ya hana teku cin ƙaton namiji.
Man-gil ya ƙara shekara goma sha tara.
Tari ne ya ɗauke shi, a kan katifarsa.
Yanzu ciyawa ta rufe kabarin,
akwatin ko ƙura bai zama ba.

Nan ne maganar take yi mata ɗaci.
Kowace safiya gaɓar teku na yin furfura,
ƙananan ƙwayoyi farare kamar an zubar da shinkafa,
ba ta dahuwa, ba ta tsiro.
Ta share, igiyar ruwa ta kawo sabo.
Jiya ta farke cikin wani kifi
ta tarar da uku a hanjinsa.

Ta daɗe riƙe da wuƙa.
Wa za ta zaga?
Hannun da ya miƙo mata mijinta?

Ta ɗauraye ƙwayoyin, ta sa a aljihun riga,
ta zuba sabuwar ƙanƙara.
Mai saye na jira, yana taya kifin da araha.