Mai Ƙanƙara a Jamestown

Da asuba nake turo baro daga Sabon Zango,
ƙanƙara shida lulluɓe da buhu da dusar katako.
Kafin in kai bakin teku
ɗaya ta rame,
ta bar min layin ruwa a kan kwalta.

Sahura, 'yar ƙanwata da ke karatu a Legon,
ta nuna min hoton laka a wayarta,
wai daga ƙarƙashin teku aka haƙo.
Ta bi layi-layin da farce:
"Kawu, nan duniya ta yi sanyi,
ƙanƙara ta haɗiye ruwa can arewa,
teku ta ja baya, ta bar fili
inda Ayite ke jefa koma yanzu.
Nan kuma ta yi zafi.
Ruwa ya dawo karɓar bashinsa
har ya wuce inda kake jingine baro."

Na ce, wa ya gani?
Ta ce, 'yan katantanwa kamar ƙwayar gero,
su ne shaidu.

Ban yi musu ba.
Shekara talatin ina sayar da abin da ke gudu daga hannuna.
Ƙanƙara ba ta sallama.
Sai ka ɗaga buhu
ka tarar nauyi ya koma wani wuri.

Yau igiyar ruwa na lasar turakun rumfar kifi,
inda bara yara ke buga ƙwallo.
Ayite ya ce, "Nawa ka kawo?"
Na ce, biyar da rabi.
Rabin ya riga mu isa teku.