Gawayi da Kyamara

Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina zama kujera ta uku daga bango,
allo a cinya, gawayi a yatsu.
A wannan zaure na Washinton ido ake bari ya shiga,
kyamara kuwa tana tsayawa a waje
tare da lema da rigar sanyi.

Alƙalai tara, baƙaƙen riguna tara.
Na san mai sosa kunne idan lauya ya fara kame-kame,
na san mai juya zobe idan zuciya ta riga ta yanke.
Fuskar da ƙasa ke gani da yamma
daga hannuna take fitowa.

Ran nan na fito da tsakar rana
na tarar da wata tsohuwa a gindin matakala,
Wilhelmina Yoakum, daga garin masu haƙar kwal.
Awa tara a motar haya,
kwana guda a layi cikin ƙanƙara,
aka ba ta lamba sittin da uku,
aka rufe ƙofa a kan hamsin.
A jakarta akwai kwalba,
ruwan rijiyarsu ne, ja kamar tsatsa,
shari'ar da ake yi a ciki ke nan.

Ta ga baƙin yatsuna, ta riƙe mini hannu:
"Yarinya, ke da kika shiga,
da aka ambaci rijiyarmu, sun ɗaga kai?"

Na yi shiru.

Cornelius Abernathy, tsohon magatakarda,
kullum muna shan kofi a kwanar titi,
shi ba ya son a ko ambaci zancen.
"Kyamara ba kallo kawai take yi ba," in ji shi,
"makaɗiya ce, kuma in kiɗa ya canza
rawa ma canzawa take yi.
Lauya zai bar alƙali ya yi wa gilashi magana.
Muhawarar awa biyu,
a gutsuro daƙiƙa guda a watsa wa masu cin abincin dare,
gobe a tsine wa mutum saboda tari.
Shari'a kamar ƙwai ce a ƙarƙashin kaza,
yawan leƙe ke sa ta ƙi ƙyanƙyasa."

Ban ce ƙarya yake yi ba.
Na ga abin da fitila ke yi wa mutane.
Kuma ni ma, in za a faɗi gaskiya,
wannan rufaffiyar ƙofa ce ke biya mini kuɗin haya.
Ranar da kyamara ta hau matakalar nan
gawayina ya koma murhu.

Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa Cornelius ba.
Wata Talata, shekarun baya,
barci ya sace ɗaya daga cikin taran,
ana tsakar maganar ran wani mutum.
Na dube shi, tsoho ne, ya yi kama da babana.
Sai na buɗe masa ido a takarda,
na ɗora masa hannu a haɓa.
Jarida ta buga, aka ce: dubi zurfin tunani.

Ashe gawayi ma yana da son zuciya.

An ce gani ya kori ji.
To, ganin wa?
Nawa aro ne, na Wilhelmina ba a ba ta ba.

Na yage zanen ranar na miƙa mata.
Ta sa tabarau, ta daɗe tana bin fuskokin da yatsa
ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman ɗanta a hoton makaranta.
Ta ce, "Kin iya hannu.
Amma wannan abin da ke kika gani ne."

Ta ninke shi gida huɗu,
ta sa kusa da kwalbar,
ta tambaye ni hanyar tasha.